Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gidajen Rediyon Kano: Ku Riƙa Gaya Mana Inda Hadari Ya Dosa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabanni da editocin labarai da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon birnin Kano, na gwamnati da na 'yan kasuwa. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku barka da ganin wata daminar. Allah Ya sa ta zo mana da albarka, Ya raba mu da sharrin da ke cikinta.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara 31 ina koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin in ajiye alli, yanzu kuwa babban aikina zaman majalisa bayan La'asar da rediyo a gefena. Ba ni da ƙungiya, ba ni da hatimi. Waɗanda nake magana da yawunsu abokan zaman nan nawa ne da ire-irensu, mutanen da abincinsu yake a filin Allah: kafintan da ke wuni a kan rufi yana buga kwano, marinin da ke shanya shadda, birkila, mai Adaidaita Sahu, mai tumatir a 'Yankaba, ɗan Kwarin da shagonsa yake a ƙasa, da matar da ta baza kuɓewa a tsakar gida ta tafi unguwa. Ba arar bakinsu na yi don in ci musu albasa ba. Su suka ce, "Malam, kai da ka iya biro, rubuta musu."

Abu biyu ne suka jawo wasiƙar nan, duka a daminar bara, kwana tara tsakaninsu.

Na farko wata murya ce da ta yi ta yawo a WhatsApp. Wani mutum ne, da muryar masu sani, yake cewa mahaukaciyar guguwar da ta yi ɓarna a Amurka ta juyo ta nufo Afirka ta Yamma, ranar Juma'a za ta iso Kano, kowa ya zauna a gida. An haɗa da hoton wani gajimare mai kamar faifai da rami a tsakiyarsa. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a waya, ban kuma damu ba sai da na ji an ɗauko maganar a wani shirin safe na rediyo. Mai gabatarwa bai ce gaskiya ce ba, bai ce ƙarya ce ba. Ya ce "an ce", sannan ya buɗe layi. Aka yi kusan awa guda, wannan ya kira ya ce alamar tashin duniya ce, wancan ya ce makircin Turawa ne. Ba a nemo ko mutum ɗaya da ya san abin ba. Yayata, tsohuwa ce da ke zaune tare da mu, ta hana jikoki zuwa Islamiyya, ta ce ai a rediyo aka faɗa. Ni da na koyar da abin nan shekara da shekaru na kasa ture maganar, domin a wurinta rediyo ba ya ƙarya. Juma'a ta zo, rana ta buɗe tar har Magariba.

Na biyun ba sallama ya zo. Wuni aka yi ana zafi mai cin rai, ko ganye ba ya motsi. Wajen ƙarfe biyar na yamma ina zaune a ƙofar gida sai na ga gabas ta yi jawur daga ƙasa, samanta kuma baƙi ƙirin kamar an zuba shuni. Kafin mai shayin layinmu ya gama kife kofuna iska ta iso. Ledoji suka fara tashi, ƙasa ta cika mana ido da baki, sai kuma na ji wata ƙara daga cikin gida, ƙarar ƙusa tana zarewa daga katako ɗaya bayan ɗaya. Rabin rufin ɗakin yara ya ɗaga kamar murfin tukunya, ya ɗan tsaya, sannan ya tafi. Washegari layi uku daga namu muka tsinto fallen kwano uku, ɗaya ya nannaɗe a jikin falwaya. Da mutum ya tarar a hanya, yanka shi zai yi. Allah Ya taƙaita, katifu da littattafan yara ne kawai suka sha ruwa. Rediyon da ke hannuna a lokacin tallan maganin basir yake yi.

Guguwar da ba za ta taɓa zuwa ba ta samu awa guda a wurinku. Hadarin da ya zo ya kwashe mana rufi bai samu minti ɗaya ba. Ƙorafina ke nan a dunƙule, amma bari in warware shi.

Zan fara da jita-jitar. Da mai shirin nan ya tambayi ɗalibin ajin ƙarshe da ya riƙe karatunsa, da ya gaya masa cewa mahaukaciyar guguwa 'yar teku ce. Abincinta tururin ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai wajen digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ta hau tudu an yanke mata abincin nan, sai ta fara mutuwa, ba da daɗewa ba ta koma ruwa da iska irin na kullum. Kano kuwa ɗaruruwan kilomitoci ne tsakaninta da teku. Ban da wannan, iskar da ke kora irin wannan guguwa a ɓangarenmu na duniya daga gabas take busawa zuwa yamma, wato baya guguwar take ba mu. Wadda ta kai kusa da Amurka ta lanƙwaso ma, arewa take yi ta nufi wajen Turai, tana rasa ƙarfi a ruwa mai sanyi. Babu hanyar da za ta bi ta ɓullo a Ƙofar Nassarawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gaskiyar labarin ta fi ƙaryar daɗin ji, kuma ba ku taɓa ba mu ita ba. Mafi yawan manya-manyan guguwar da ke dukan Amurka da tsibiran Karebiyan, irinsu daga samanmu yake fitowa. A lokacin damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar, wata igiyar iska takan taso daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur ta yi yamma, ta ratsa Chadi da arewacin Najeriya da Nijar da Mali, tana tayar da hadari a hanya, har ta faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Kimanin 60 ake samu a shekara. Yawancinsu a nan suke ƙarewa. Amma wadda ta tarar da ruwa mai ɗumi da sama mai laima, ba kuma wata iska a can sama da za ta tarwatsa ta, sai ta fara juyawa. In iskarta ta kai kilomita 63 a awa guda a raɗa mata suna. In ta kai 119 ta zama mahaukaciya, mataki na 1. Matakan biyar ne, na 5 yana farawa daga kilomita 252. Irma, wadda ta ragargaza tsibirin Barbuda ta wuce Kyuba da Fulorida a watan Satumba na 2017, haka ta faro: ta fito daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta samu suna kusa da tsibiran Kef Bade a ƙarshen Agusta. Nakan gaya wa ɗalibaina, ta yiwu igiyar da ta jiƙa wa babanka gero a Bichi ita ce bayan mako biyu za ka ji ana kiranta da suna a labaran duniya. Duk ajin sai ya yi tsit. Wannan ai shiri ne guda, ranku ya daɗe, kuma babu mai kashe rediyonsa.

Ina so in ɗan daɗe a kan yadda masana suke bin sawun guguwar nan, domin abin da zan roƙe ku a ƙarshe daga nan na samo shi.

Tambaya biyu suke ƙoƙarin amsawa: ina ta dosa, kuma da wane ƙarfi za ta isa. Ta farkon ta fi sauƙi. Guguwa ba ta da ra'ayin kanta a tafiya, kamar ƙwarya take a kan kogi, inda manyan iskokin da ke kewaye da ita suka yi nan take yi. Wanda ya san kogin ya san inda ƙwarya za ta. Don haka sai su auna sama ta ko'ina: taurarin ɗan'adam suna ɗaukar hoto dare da rana, ana sakin balan-balan ɗauke da na'ura daga tashoshi a faɗin duniya, a Amurka kuwa har jiragen sama ne da su masu kutsawa tsakiyar guguwar suna jefa na'urorin awo. Duk wannan a zuba wa manyan kwamfutoci su lissafa yadda sama za ta kasance gobe da jibi da gata. Da yake sun san awonsu ba zai rasa kuskure ba, ba sau ɗaya suke lissafin ba. Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai takan maimaita shi kusan sau 50, kowane karo a ɗan sauya alƙaluman farko, sannan a zana duk hanyoyin da suka fito a kan taswira. In layukan suka haɗu kamar ɗaurarriyar tsintsiya, masani zai yi magana da ƙarfin gwiwa. In suka watse kamar an tsinke maɗaurin, zai ce muku har yanzu da saura. Ta wannan hanya kuskuren hasashen kwana uku ya ragu da fiye da rabi daga shekarun 1990 zuwa yau.

Ƙarfi kuwa shi ne mai ba su wahala, domin ya dogara da ƙananan abubuwan da ke faruwa a cikin cikin guguwar, da zurfin ruwan ɗumin da ta bi ta kansa, da ko ta shaƙi busasshiyar iska. (Ƙurar Sahararmu ma tana cikin masu shaƙe ta a kan teku.) A watan Oktoba na 2023 guguwar Otis ta nufi birnin Akapulko na ƙasar Meziko. An san can ta dosa, amma ana ganin ba wata babba ba ce. Cikin kimanin kwana ɗaya ta tashi daga wadda ko mataki na 1 ba ta kai ba zuwa mataki na 5, ta faɗa wa garin cikin dare. Duk da kuɗinsu da na'urorinsu, ta shammace su.

To ku dubi yadda suke magana da jama'arsu. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a birnin Miami na Amurka tana fitar da sanarwa duk bayan awa shida, ko an samu sauyi ko ba a samu ba. Tare da ita akwai zane mai kamar mazurari, siriri daga inda guguwar take, yana buɗewa zuwa kwana na biyar. Ma'anarsa: tsakiyar guguwar takan kasance a cikin mazurarin nan kusan sau biyu cikin uku, sau ɗaya kuma takan fita. Wato da bakinsu suke cewa ga iyakar saninmu, ga inda muke iya kuskure. Suna faɗin wuri, suna faɗin lokaci, suna faɗin ƙarfi, suna faɗin gwargwadon shakkarsu. Mutum ya ji ya yanke shawarar ko ya ɗaure kayansa ko ya zauna. Wannan ladabin magana nake so ku aro mana, ba guguwar ba.

Domin mu ma muna da namu abin da ake iya bin sawunsa, kuma nan ne ƙorafina na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Duk Bakano ya san hadarin gaske daga gabas yake zuwa. Kakanninmu ba su da tauraron ɗan'adam suka san haka. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne, manyan haduran nan da ke kawo mana mafi yawan ruwan shekara jere suke yi su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, su yi ta tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa guda, gudun motar da ba ta sauri. Iska da ƙura a gaba, ruwa kamar da bakin ƙwarya a baya, yayyafi a ƙarshe. Akwai tauraron ɗan'adam na Meteosat da ke tsaye kimanin kilomita 36,000 a saman tekun Gini, mu yake kallo, yana aiko da sabon hoto duk bayan rubu'in awa ko ƙasa da haka. Hadarin da ke kan Potiskum da azahar, in bai mutu a hanya ba, in bai kuma karkace ba, awa biyar zuwa shida ne tsakaninsa da Kano. Na Azare awa uku zuwa huɗu. Na Dutse bai cika awa biyu ba. Ba kowanne ne yake isowa ba, wani kuma a kanmu yake haɗuwa ba tare da ya fito daga ko'ina ba, shi wannan sai dai a ce yau akwai yiwuwar hadari. Amma da yawa ana ganin tahowarsu ƙuru-ƙuru.

Ba kuma ku za ku ƙirƙiro bayanin ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana fitar da hasashen kullum da na 'yan kwanaki, tana fitar da na damina gaba ɗaya tun farkon shekara, tana kuma da ma'aikata a filin jirgin Malam Aminu Kano, nan cikin garinku. Jirgi ba ya tashi sai matuƙinsa ya karɓi bayanin sama. Amma bayanin da ake ba matuƙin jirgi ba ya kai wa mai Adaidaita Sahu da ke ajiye fasinja a bakin ƙofar filin. Wanda ke da babbar waya kuma yana jin Turanci zai iya lalubo wani abu a intanet. Marini hannunsa a cikin baba, kunnensa a kan rediyo. Ku ne gadar da ke tsakaninsu, gadar kuma ba a gina ta ba. Har wakilai gare ku a Jigawa da Bauchi da Yobe, da masu sauraro da ke kiranku kullum daga Wudil da Gaya su gaida abokai. Ko mutum ɗaya ya ce "yanzu iska ta wuce mu da ƙarfi", labari ne da zai amfani mutanen Hotoro da Tarauni.

Me awa biyu za ta yi wa mutum? Ku tambayi birkilan majalisarmu, wanda ya yi filastar katanga guda da siminti buhu huɗu bayan Azahar, ruwa ya wanke ta kafin Magariba, mai gida kuma ya ce ba shi zai biya ba. Ku tambayi wanda ya baza barkono ko shinkafa a shanya. Ku tambayi 'yan Kantin Kwari da ruwa ya shiga shagunansu a daminar 2022, ko awa biyu za ta isa a ɗaga diloli daga ƙasa zuwa kan kanta. Amma dukiya ƙaramar magana ce. Lokacin da hadari ya fi saukowa, tsakanin La'asar da Isha'i, shi ne daidai lokacin da yara suke dawowa daga Islamiyya. Su ne za ka gani sun fake a gindin bishiya ana walƙiya, ko a ƙarƙashin allon talla da iska ke girgizawa, ko suna tsallaka lambatun da ya cika har ba a gane bakinsa. Malami zai iya tashinsu da wuri da ya ji. A watan Agusta kuma, lokacin marka, gidajen ƙasa na cikin birni ne suke jiƙa su zauna a kan masu su cikin dare. Magidancin da aka gaya wa cewa kwana uku masu zuwa ruwa zai yi yawa zai iya gyara indararo, ya kuma fitar da iyalinsa daga ɗakin da bangonsa ya tsage.

Ƙorafi na uku a kan harshe ne. Sau da yawa in ma an karanta hasashen, a wutsiyar labarai ake jefo shi, da fassarar da ba ta da kai: "ana sa ran samun ruwa da tsawa a wasu sassan Arewa." Arewa daga Sakkwato zuwa Maiduguri? Yaushe? Irin wanda ake fakewa a zaure ya wuce, ko irin mai cire rufi? Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da yayyafi, muna da marka, muna da ruwa da iska, muna da hadarin da ya haɗu da wanda ya watse, muna da hantsi da azahar da sakaliya da almuru da talatainin dare. In masana suka ce kashi 70 cikin 100, ku ce a rana goma irin ta yau, bakwai akan yi ruwa, uku ba a yi. Tsohuwa ma za ta gane wannan.

Akwai kuma wata 'yar dariya da nakan ji a muryar wasu masu gabatarwa, in sun gama karantawa su ce, "To, mu dai mun san Allah kaɗai Ya san gaibu." Maganar gaskiya ce, babu Musulmin da zai ja. Amma yadda ake faɗinta, mai sauraro ji yake kamar an ce masa ka watsar, duba ce. Alhali ba duba ba ce. Manomin da ya ɗaga kai ya ga gabas ta haɗe ya ce wa ɗansa kwashe shanyar nan, ba wanda ya ce ya yi da'awar sanin gaibu. Alama ya gani ya yi aiki da ita. Na'ura dogon ido ce kawai, tana hango gabas tun daga Borno. Ku ce "in sha Allahu" da zuciya ɗaya, ku bar dariyar. An dai umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Kada ku ce wannan aikin masu kuɗi ne. A watan Nuwamba na 1970 guguwa ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash. Bayan nan suka gina mafaka, suka kuma horar da dubban 'yan sa-kai masu yawo ƙauye-ƙauye da lasifika da tuta suna gaya wa mutane da harshensu abin da masana suka hango. A 2020 da guguwar Amphan ta zo, an kwashe mutum fiye da miliyan biyu kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. A nahiyarmu kuwa, guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019. Masana sun ga tahowarta kwanaki kafin ta iso, duk da haka fiye da mutum 1,000 suka mutu a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Hasashen da ya tsaya a ofis bai ceci kowa ba. Shi ya sa a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam ya zama gargaɗi yana isa gare shi. A Kano, lasifikar da ke shiga kowane zaure da kowane kicin da kowace rumfa a hannunku take.

Ga abin da muke roƙo.

Ku ware wa yanayi lokacinsa na kansa daga watan Mayu zuwa Oktoba, minti uku kacal, sau uku a rana: bayan sallar Asuba kafin mutane su fita, da azahar, da kuma wajen La'asar. Lokacin ya zama tsayayye, yadda mutum zai san ƙarfe kaza ake yi, kamar yadda ya san lokacin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. A kowane karo a faɗi abu huɗun nan: ina, yaushe, da wane ƙarfi, kuma yaya tabbacin yake. A ƙara da abin da mutum zai yi, a taƙaice: a sauko daga kan rufi, a kwashe shanya, kada a fake a gindin bishiya, kada a taɓa wayar wuta da ta faɗo.

In aka hango babban hadari mai iska ya doso, ku katse duk abin da ake yi ku faɗa. Kuna katse shiri in an sauke kwamishina. Mai tallan da ya biya kuɗi ba zai yi fushi don an ɗauki daƙiƙa talatin an ce wa mutane su shigar da yara ba, in ma ya yi, ku mayar masa da lokacinsa.

Kowane gida ya fitar da ma'aikaci ɗaya, ko biyu saboda hutu, ya zama wannan ne aikinsa. Ku kai shi ya zauna da masu hasashe ya koyi karanta hoton tauraron ɗan'adam, ya riƙe lambar wayarsu, su riƙe tasa. A jami'o'in garin nan akwai malaman labarin ƙasa da za su zo in an gayyace su. Zai yi kyau ma gidajen su haɗu su daidaita kalmomi, kada wannan ya ce guguwa wancan ya ce iska a kan abu ɗaya, domin a kunnen Bahaushe guguwa daban, hadari daban.

Duk saƙon waya da ya shafi guguwa ko ambaliya ko girgizar ƙasa, kada ya fita ta bakinku da "an ce". Ku bincika, in ƙarya ne ku ce ƙarya ne, ku faɗi dalili. Labarin guguwar ƙasashen waje kuma ba cewa nake ku daina ba. 'Yan kasuwarmu suna da kaya a tasoshin ruwa na kudancin Sin, inda guguwa kan sa a rufe tasha, muna da ɗalibai a Indiya, muna da 'yan'uwa a Amurka. Ku ba da shi da cikarsa, ku faɗi inda ta dosa da inda ba za ta je ba.

Na ƙarshe shi ne wanda na san zai fi muku nauyi. Ranar da kuka ce za a yi ruwa ba a yi ba, washegari ku dawo ku faɗa: jiya mun ce kaza, hadarin ya mutu a wajen Gaya, ko ya zame ta kudu ya sauka a Rano. Kada ku yi shiru kamar ba ku faɗa ba. Za a yi muku tsiya a majalisu, ni ma zan taya. Amma wanda ya ji kuna faɗin kuskurenku shi ne zai sauko daga kan rufi ranar da kuka ce ya sauko.

Na mayar da rufina kafin ƙarshen daminar, da bashi. Kafintan ya ƙara ƙusa, ya ɗaure katakon da waya a jikin bulo, abin da ya ce tun farko ya kamata a yi. Yayata tana nan da rediyonta a gefen filo, ta ƙi yarda har yau cewa guguwar Amurka ba za ta iya zuwa ba, ta ce addu'a ce ta kore ta. Ina da tsohuwar taswirar Afirka ta Yamma da na fito da ita daga aji, gefenta ya ɗan yage amma garuruwan suna nan. Duk gidan da yake so, zan ɗauko ta in zo in zauna da yaranku na sashen labarai, ba sai an ba ni ko kuɗin mota ba. Ku dai sanar a shirin safe, ina ji.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
daga cikin birnin Kano.